Na Je Wagadugu Nemo wa Baba Abokin Ci

Tun da na dawo daga Wagadugu ban huta da tambaya ba. A shago ana tambayata, a masallaci in an sallame ana tambayata, har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce sai na gaya masa ko da gaske ne mata ke tuƙa babur a can. Wasu sun ɗauka saro kaya na je, wasu sun ce yawon buɗe ido ne ya kama ni da girmana. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da inda ya yi masa daɗi, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga tushe.

Sunana Lawan, ni tela ne, gidanmu yana Soron Ɗinki a birnin Kano. Abin da ya fitar da ni kuwa shi ne mahaifina, Malam Garba, ya daina cin abinci.

Tun kafin a haife ni yake ciyayya da abokansa a zaurenmu. In an idar da magariba kowane gida sai a fito da kwano, a jere su, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Cikinsu akwai Baba Iro baduku, wanda wurin zamansa yake dab da bakin ƙofa. Shi ne ya fara barin zauren, shekarar da aka yi babban fari, ya ɗauki kayan fata ya yi yamma, ya yi aure a Wagadugu ya zauna. Sai dai mu ji gaisuwarsa a bakin fataken goro. Sauran kuma mutuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, Malam Ado, ya rasu a daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Daga ranar kwanon Baba ya riƙa dawowa cikin gida yadda aka fita da shi.

Mun kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Muka tura masa jikoki, sai ya riƙa yanka musu loma yana kallonsu har su cinye, shi kuwa hannu kawai ya ɓata. Maƙwabta suka gwada zuwa, amma duk 'ya'yan abokansa ne, sai su zauna a takure, shi ma ya takura, a tashi ba a ci komai ba. Inna tana nan da ranta, ita ce ma take yi masa girkin da hannunta, amma a gidanmu ba a taɓa ganin miji da mata a kwano ɗaya ba. Ni kuma ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, in zai kira ni sai dai ya ce, “Kai wannan.” Na taɓa yin ƙarfin hali na zauna kusa da kwanon, ya mayar da murfi ya rufe, ya tambaye ni ko ba ni da aikin yi ne. Mutumin da ya shekara saba'in bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, ga shi babu wanda ya isa ya ci da shi. Ina kallo rigarsa tana yi masa yawa, ni da na ɗinka ta daidai jikinsa. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Inna ce ta yanke maganar. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ta dube ni ba, ta ce saura Iro, in yana da rai a je a taho da shi. Ta ƙulle mini kuka da daddawa na tsarabarsa. Da na je yi wa Baba sallama sai ya ce, “Ka ce masa wurinsa yana nan.”

Na shiga motar Katsina da safe. Hira ɗaya ce a motar, ta sabuwar gwamnatin farar hula. Wani matashi ya rantse kafin salla man fetur zai yi arha, wani dattijo a bayana ya ce masa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A kowane shinge direba yana miƙa hannu ta taga kamar yadda aka saba, da na tambaye shi ba an ce an canja ba, ya ce hannun riga ne ya canja, hannun yana nan.

A Jibiya, inda ake buga takardun fita, Allah ya haɗa ni da Hajiya Rabi, wata Bamaraɗiya mai sayar da atamfa wadda ta san hanyar Wagadugu kamar tsakar gidanta. Ta ga ina ta juya takarduna ina rarraba ido, ta ce in biyo bayanta in kama bakina. Haka na yi, kuma da ban yi ba da watakila har yau ina iyakar. Ita ta canja mini kuɗi zuwa sefa a Maraɗi, ita ta samo mana babbar motar Yamai.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba kafin in fito shi ne yadda zan ci abinci. Mu a cikin birni magidanci ba ya tsayawa bakin titi yana tauna, a ce ga wane can yana cin abinci a tasha, sai ka ce ba shi da gida. Saboda haka duk inda mota ta tsaya, mutane suka sauka suka kewaye mai shinkafa, ni sai in zauna ina jefa dabino a baki a ɓoye. A tashar Yamai jiri ya fara ɗibata, Hajiya Rabi ta lura. Ta ce, “Malam, mi kake ma kumya? Nan babu wanda ya san ubanka. Tahi ka ci, kar ka hwaɗi muna bisa hanya.” Ta tura ni wata rumfa aka zuba mini shinkafa da miya, aka haɗa mini da irin burodinsu dogo mai tauri, wanda na fara ɗauka sanda ce aka ba ni. Na juya wa titi baya na fuskanci bango na ci. Abincin ba shi da laifi, amma ban ji ɗanɗanonsa ba, kowace loma sai na tura ta da ruwa. A rumfar nan na fara gane abin da yake damun Baba, har na kasa ƙarasawa.

Muka ƙetare kogi muka nufi iyakar Burkina. A nan ƙullin Inna ya so ya jawo mini magana. Wani jami'i ya buɗe jakata ya ga gari kore a tsumma, ya ɓata fuska ya yi ta zuba Faransanci. Ni ko kalma ɗaya ban ji ba, sai cewa nake miya ce, miya ce, ina nuna bakina. Wata abokiyar aikinsa ta zo ta kwance ɗaya ƙullin, warin daddawa ya buge ta, ta yi dariya ta ce su ma suna da ita, sumbala suke ce mata. Ta roƙi ɗan gutsure aka ba ta, aka sallame mu. Sai dai jami'in bai ɗaure ƙullin kukar da kyau ba. Kafin mu wuce Fadan Gurma ta tsiyaye a cikin jakar, farar rigar da na tanada don shiga gaban Baba Iro ta koma koriya. Na tattara abin da ya tattaru, rigar kuwa haka na sa ta.

Maganar babur gaskiya ce, a gaya wa mai shayi. Mata da tsofaffi da ma'aikata duk a kan babur ko keke suke, mace da goyo a baya da kwando a gaba tana ratsa mutane ba ta ko waiwaye. Hajiya Rabi ta kai ni unguwar Hausawa ta damƙa ni a hannun Alhaji Mamman, dillalin goro, ta wuce harkarta. Kafin a tambaye ni daga ina, an miƙo mini ƙwarya cike da ruwan gero mai citta da tsamiya. A can ba a fara gaisuwa sai baƙo ya sha, kuma in bai sha ba an ɗauka da wata manufa ya zo. Alhaji ya ba ni ɗaki kusa da ma'ajiyar goro, na kwana cikin ƙamshin ganye mai laima. Hausarsa ta gauraya da yaren garin, amma muna fahimtar juna.

Da na ambaci Baba Iro sai ya ɗan yamutsa fuska. Ya ce mutumin kirki ne, ba a raba shi da salla, amma ya tare a wajen masu zane-zane, a wani gidan cin abinci da ake kiɗa. Na tambaye shi ko yana ganin zai yarda ya bi ni Kano, ya ce gara in je in gani da idona. Ranar Lahadi bayan la'asar ya goya ni a babur ɗinsa ya sauke ni a ƙofar gidan, ya ce shi iyakarsa nan.

Sai an ratsa wani dogon ɗaki kafin a kai inda ake cin abinci, kuma ɗakin cike yake da aikin hannun samarin garin. Akwai mutum-mutumi na tagulla, wata mata tana daka, wani yana bisa jaki. Akwai zane-zane a bango, wasu ana gane su, wasu sai mai su. Na tsaya gaban wani babba wanda ja ne da baƙi kawai aka shafa, na tambayi wani saurayi mai tarin gashi da yake jin Hausa kaɗan ko ba a gama shi ba ne. Ya ce an gama, kuma shi ya yi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, sunansa Isifu, kuma ba ni na fara ba. Mutane suna zagayawa a hankali, hannu a baya, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar mutuwa. A wajenmu abin hannu amfaninsa ake duba, ko a sa, ko a zauna a kai, ko a ci a ciki. A can sai na ga matashin fata na jingina an rataye shi inda ba bayan da zai kai. A tsakiyar ɗakin kuma, bisa wani ɗan dandamali, an ajiye baƙin akushi irin namu, an haska masa fitila shi kaɗai. Na kai hannu zan ɗaga shi in ga gindinsa, Isifu ya ce ba a taɓawa.

Bayan ɗakin akwai fili ƙarƙashin itatuwan mangwaro, an jera tebura. Mai gidan wata dattijuwa ce Bamosa, 'yar asalin ƙasar, Madam Salamata. Ta dubi rigata koriya, ta zaunar da ni nesa da teburan masu kwalabe, ta sa aka kawo mini shinkafa mai maiƙo irin dafa-dukarmu da gasasshiyar kaza. Kajinsu ƙanana ne masu tauri, amma gashin ya yi, ba zan ci amanarsu ba. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne masu cin. Kowa da farantinsa. Miji da mata suna fuskantar juna suna tauna. Wani shi kaɗai, cokali a dama, jarida a hagu, ko a jikinsa. A teburin da ke kusa da ni wani tsoho ne da wani magidanci sa'ana, kamanninsu ɗaya, ba sai an gaya maka uba da ɗa ba ne. Ina kallo ɗan ya kai hannu farantin uban ya ɗauke cinyar kaza, uban ya buge masa hannu suna dariya. Da farko na ce wannan wace irin rashin kunya ce. Daga baya na tarar ina kallonsu har abincina ya huce, kuma abin da nake ji a raina hassada ce.

Samari suka fara kiɗa da wani abu na katako mai ƙorai a ƙarƙashi da suke kira balafon, da ganguna. Kiɗan yana da daɗi, wasu mata suka tashi suka taka. Da suka gama sai aka turo wani tsoho a keken guragu. Isifu da wani suka ɗaga shi cak suka ajiye shi a tabarma, suka gyara masa ƙafafu da hannu, don su ba sa motsi da kansu. Ta yadda ya karya hularsa gefe na gane Baba Iro ne, haka yake yi tun ina yaro. Na tuna ramukan hanyar da na biyo da yadda ni mai ƙafa na sauka da kyar, na san tun kafin mu gaisa cewa mutumin nan ba zai je Kano ba.

Aka miƙa masa molo. A Kano na san yana taɓawa in an gama ciyayya, don nishaɗi, ban san ya zama abin da ake taruwa a ji ba. Yana fara kaɗawa aka ajiye cokula, har mai jaridar ya naɗe ta. Muryarsa ta tsufa amma ba ta karye ba. Da Hausa yake waƙar, kuma na tabbata a filin nan ba mai jin abin da yake faɗa sai ni. Ba yabon kowa yake yi ba. Kiran mutane yake su fito a ci tuwo, an idar da salla, kwano yana hucewa. Ya kira Malam Ado, ya kira sauran ɗaya bayan ɗaya da sunayen gidajensu, ya kira Garba na Soron Ɗinki ya ce ya daina jan jiki. Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a shinkafar. Da ya gama aka yi ta tafi. Ba wanda ya tashi ya liƙa masa kuɗi, shi ma bai ambaci sunan ko ɗaya daga masu saurare ba. A can haka ake yi.

Da mutane suka ragu na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙura mini ido ya tambaye ni ɗan wa, na ce Lawan ne na Malam Garba. Ya kama hannuna bai saki ba. Sai ya fara tambayar mutanen zauren da sunayensu, ni kuma ina cewa sai haƙuri, yana cewa Allah ya jiƙansa, ya tambayi na gaba. Na biyun farko ya ji labarinsu, na Malam Ado ne bai ji ba. Sai ya ce ashe matattu yake ta kira su fito cin tuwo. Bai tambayi Baba ba sai daga ƙarshe, kuma na ga tsoron tambayar a fuskarsa.

“Garba fa?”

“Yana nan, Baba. Amma ba ya ci.”

Na kwashe komai na gaya masa, har saƙon cewa wurinsa yana nan. Na ce zan ɗauki mota ta musamman, zan goya shi a duk inda aka ce a sauka. Ya bugi cinyarsa da tafin hannu, ya ce ƙafafun sun yi shekaru da yawa da bushewa, bayansa ma ba ya jure zama, ko masallacin Juma'a aka kai shi sai ya kwana biyu a kwance. Matarsa ta rasu, ba su samu haihuwa ba, samarin nan ne suke ɗawainiya da shi. Ya ce, “In ka ɗauke ni, a Fadan Gurma za ka binne ni, ka kai wa Garba labarin mutuwa. Wannan kake so?” Na miƙa masa abin da ya rage na ƙullin Inna, ya shinshina, ya ce in dawo gobe da hantsi.

Washegari na tarar ya sa Madam Salamata ta tuƙa tuwo ta kaɗa kukar, yana daga tabarma yana ba ta umarni tana mayar masa da baƙar magana da yarensu. Da aka kawo faranti biyu ya ce a mayar. Ya aiki Isifu ɗakin zane, sai ga shi da baƙin akushin nan da aka hana ni taɓawa. Ashe nasa ne, da shi ake fito da tuwon gidansu zaurenmu, aro ya ba su. Aka wanke aka zuba. Ya ce in wanke hannu.

Na ce ba zan iya ba, shi abokin mahaifina ne. Ya ce shi ma haka ya zo garin nan da girman kansa na Bakano, bayan rasuwar matarsa ya yi wata da watanni yana kallon kwano, har samarin nan da ba su san wata kunya ba suka fara zura hannu a abincinsa ba tare da sun tambaya ba. Ranar farko ya ji kamar ya mare su, kuma ranar ce ya ƙoshi. Ya sake cewa in wanke hannu, na wanke.

Ya yanki loma ya kai baki, ya tauna a hankali. Sai ya ɓata fuska ya ce, “Daddawar Ta Madabo har yau ba ta ji ba.” Ta Madabo Inna ke nan, haka suke kiranta da sunan unguwarsu. Raina ya ɗan sosu, don kowa ya san daddawar Inna, na buɗe baki zan kare ta sai na ga gemunsa ya jiƙe da hawaye, yana kuma kai loma ta biyu. Ya ce ko na ga yadda na zaburo? To haka ubana yake. Tun suna samari Garba ba mai ci ba ne, sai ya tsakura ya janye hannu. Shi Baba Iro ne ya gano maganinsa: in aka buɗe kwanon gidanmu sai ya kushe miyar, Garba kuwa sai ya fusata ya jawo kwanon ya yi ta ci don ya ƙaryata shi. Da zai bar Kano ya bar wa Malam Ado aikin. Baba bai taɓa ganewa ba, ko kuma ya gane ya ƙyale. Inna kuwa ta sani tun tuni.

Sai ya kira Madam Salamata da Isifu ya ce su zama shaida. Ya ce, “Na wakilta ka. A ɗaurin aure in wakili ya buɗe baki, ba a tambayar ɗan wane ne, bakin wanda ya aiko shi ake ji. Ka ci da ni a akushina, ka je ka zauna a wurina, ka faɗi abin da nake faɗa.” Na ce miyar mahaifiyata ce fa, kuma a gaban mahaifina. Ya ce ya sani, shi ya sa bai ce abu ne mai sauƙi ba. Muka cinye tuwon, aka wanke akushin ya miƙo mini. Isifu bai so ba, ya ce shi ne abin da baƙi suka fi tsayawa kallo, amma shi da kansa ya naɗe mini shi a tsumma.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, don ban ga hanya ba, akushin yana kan cinyata ina ta maimaita magana ɗaya a raina. Na iso gida da rana na shige wajen Inna na kwance tsumman. Ta daɗe tana kallonsa. Tambaya ɗaya ta yi, fuskarta a gefe: “Ya kushe?” Na ce ya kushe. Ta ɗauki akushin ta shiga madafa.

Da aka idar da magariba na fita waje, na tsaya a ƙofar gidan da aka haife ni na yi sallama kamar baƙo. Baba ya amsa. Ya ƙara ramewa a 'yan kwanakin da na yi. Akushin yana gabansa, hannunsa a kan bakinsa yana shafawa, ya riga ya gane shi. Na wuce na zauna dab da bakin ƙofa. Ya tambayi ina Iro, na gaya masa halin ƙafafunsa, na ce ya aiko wakili. Bai ce in tashi ba, bai ce in zauna ba. Na wanke hannu, na buɗe akushin, na yi bisimilla na kai loma. Ina jin motsin Inna a bayan ƙofar cikin gida. Har na fara tunanin in bari sai gobe. Sai na dubi wuyan rigarsa, na ce, “Miyar nan dai, daddawar ba ta ji ba.”

Ban ɗago kai ba, ina jiran a kore ni. Sai na ji ƙarar akushi a ƙasa, an jawo shi.

“Iro,” in ji Baba, “tun kana yaro ba ka san miya ba.”

Ya ci. Ba da yawa ba, amma ya ci, yana yi yana faɗa, bai dube ni ko sau ɗaya ba. Daga bayan ƙofa na ji Inna ta ja majina ta koma ciki.

Haka muka ci gaba. Kullum in fita in yi sallama, in zauna a wurin wani, in kushe miyar uwata, mahaifina ya kira ni da sunan wani ya ci abinci. Rigar ta fara zama a jikinsa. Ana nan bayan salla ƙarama sai wani bafataken goro ya biyo ta shagona da saƙon Alhaji Mamman cewa Baba Iro ya rasu, samarin nan ne suka yi masa sutura tare da mutanen unguwa. Na yi kuka a bayan keken ɗinki. Bayan kukan kuma tsoro ya dawo, don ko yaro ya san in wanda ya yi aike ya mutu, wakilci ya faɗi. Muka yi shawara da Inna mu ɓoye. Kwana biyu ina zuwa ina kushe miya da sunan mamaci.

A rana ta uku, na buɗe baki ke nan zan faɗi maganata, Baba ya ɗaga hannu. Ya ce ya ji labarin Iro a masallaci tun ranar da na ji. Ya yi masa addu'a mai tsawo, ya haɗa da Malam Ado da sauran, muka shafa. Na san an gama. Na jawo murfi zan rufe akushin in tashi daga wurin da ba ni da sauran hurumin zama. Sai ya ɗora hannunsa a kan murfin ya ture shi gefe. Ya lalubo tsokar naman da ke cikin miyar ya turo ta gabana, idonsa a kan bango.

Ya ce, “Kai wannan, ci mana. Yana hucewa.”